Safar Kirsimeti: asalinta da yadda ake ƙawata gida da ita

A gidajen Kiristoci da dama a Amurka, Kanada da Birtaniya, da zarar watan Disamba ya kama, za ka ga manyan safa jere a falo, yawanci a saman murhun ɗumama ɗaki, kowace da sunan mai ita a bakinta. Haka suke zama babu komai a ciki har daren 24 ga wata. Idan yara sun yi barci, sai iyaye su lallaɓa su cika su da ƙananan kyaututtuka, da safe a ce wa yaran Baba Kirsimeti ne ya kawo. Shaguna sun mayar da abin babbar kasuwa, amma al'adar tana da tushe, kuma wanda ya san tushen ya fi iya yin adon yadda ya dace.

Daga ina abin ya faro?

Ana danganta al'adar da Waliyyi Nikolas, bishop ɗin garin Mira a ƙarni na 4, garin da ake kira Demre a Turkiyya ta yau. Labarin da aka gada ya ce akwai wani talaka mai 'ya'ya mata uku da suka isa aure, amma ba shi da dukiyar da uba ke haɗa wa 'yarsa idan za ta tare. Duk uban da ya taɓa kwana yana lissafin kayan ɗaki ya san nauyin wannan damuwa. Nikolas bai so ya kunyata mutumin, don haka sai ya bi dare ya jefa ƙullin zinariya ta taga, ya sake yin haka har sau uku. A ruwayoyin da suka zo daga baya aka ce ta bututun hayaƙi ya jefa, zinariyar ta faɗa cikin safar da 'yan matan suka shanya a bakin wuta.

Abin da ya ƙara kafa al'adar a Amurka shi ne wata waƙa da jaridar Troy Sentinel ta jihar New York ta buga ranar 23 ga Disamba 1823 ba tare da sunan marubuci ba, wadda daga baya aka danganta ta da Clement Clarke Moore. A cikinta an kwatanta safa rataye a bakin murhu ana jiran Nikolas. Waƙar ta bazu ƙwarai, hoton da ta zana ya zauna a zukatan mutane.

Kowace ƙasa da irin nata salon

A Holan takalmi yara ke ajiyewa kafin bikin Sinterklaas na 5 ga Disamba, su sa karas a ciki don dokin Waliyyi Nikolas. A Jamus ma takalmi ake gogewa a ajiye a bakin ƙofa, a wayi gari ranar 6 ga wata da alawa a ciki. A Italiya wata tsohuwa ce mai suna Befana ake cewa tana yawo a kan tsintsiya a daren 5 ga Janairu tana cika safa. Yaron da bai ji magana ba ya sami gawayi, wanda a yau da sukari ake yin sa, baƙi ƙirin amma mai zaƙi. A Birtaniya kuwa yara da yawa a ƙarshen gadonsu suke ratayawa. Ke nan murhu ba sharaɗi ba ne.

Zaɓen safa

Da can safar sawa ce ake ɗauka daga cikin kaya. Yanzu ana ɗinka ta musamman, tsawonta kan kai santimita 45 zuwa 50, da faffaɗan baki mai lanƙwasa da 'yar igiyar ratayewa ta wajen diddige. Akwai ta saƙar ulu, akwai ta karan-miski, akwai ta algarara ga mai son abu mara ƙyalli. Launukan da aka saba su ne ja, fari da kore.

Dabarar da masu adon gida ke bi mai sauƙi ce: a sami abu guda da ya haɗa su duka, sauran a bar su su bambanta. Idan launi ɗaya ne, zane ya sha bamban. Idan yadi ɗaya ne, launi ya bambanta. Ta haka jerin zai yi kama da na 'yan gida ɗaya, amma kowa ya gane tasa daga nesa. Suna shi ne ya fi komai muhimmanci. Ana yin sa da surfani a bakin safar, ko a rubuta a ɗan katako a ɗaura da zare. A gidaje da yawa kaka ce ke saƙa wa jika tasa a shekarar da aka haife shi, ya girma da ita, wani har ya tafi da ita gidansa bayan ya yi aure. Irin wannan safa ko ta koɗe ba a musanya ta da sabuwa don kawai launinta bai dace da labule ba.

Jerawa

Safar da babu komai a cikinta takan yi laƙwas, ta naɗe. Maganin wannan shi ne a dunƙula takarda mai laushi a tura har can wajen yatsu, a ƙara kaɗan a diddige, sai ta miƙe ta fito da siffarta. A juya yatsun duka su kalli gefe guda, ko kuma rabi su kalli dama rabi hagu suna fuskantar tsakiya. A bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin kowace biyu. Wasu kan jera daga babba zuwa ƙarami, ta uba a farko, ta auta a ƙarshe. A samansu akan shimfiɗa koren ganye mai tsawo da ƙananan fitilu, amma kada adon ya yi yawa har ya rufe sunayen.

Gidan da ba shi da murhu yana da wurare da yawa: hannun matakalar bene, gefen kantar littattafai, ƙaramin tsanin katako da aka jingina da bango, ko busasshen reshe da aka kankare aka kafa a bango da ƙusa biyu. Iyalan Kirista a Jos, Kaduna ko Wusasa, inda bikin ya fi karkata ga zuwa coci, sabon ɗinki da raba shinkafa da nama ga maƙwabta, idan suna sha'awar abin ba sai sun nemi ta kanti ba. Ragowar atamfar ɗinkin bikin ta isa tela ya fitar da safa ga kowane yaro.

Hattara da wuta da ƙananan yara

Nan ne ba a sakaci. Masu kashe gobara a Amurka na ba da shawarar a nisanta duk abin da ke kama wuta da murhu ko hita da aƙalla ƙafa 3, wato kusan mita 1. Ma'ana, idan za a hura wuta, a sauke safar tukuna. Yadin roba na narkewa nan da nan, cakulan ma haka. A guji kyandir kusa da yadi ko busasshen ganye, musamman a lokacin hunturu da komai ya bushe ƙamas. Ƙananan fitilun LED sun fi aminci domin ba sa zafi sosai.

Haɗari na biyu shi ne maƙalan ƙarfe masu nauyi da ake ɗorawa a kan kantar saman murhu don riƙe safa. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya yakan kama safar ya ja, ƙarfen ya faɗo masa a ka. Gidan da ke da ƙananan yara ya yi amfani da ƙugiya mai mannewa ko wadda aka kafa da ƙusa. Idan an cika safa ta yi nauyi, a sauke ta a ajiye a kujera.

Me ake sawa a ciki?

Ƙananan abubuwa: alawa, gyaɗa, fensir, ɗan littafi, sabulu mai ƙamshi, ƙaramin abin wasa. Can a wajen yatsu akan sa lemon zaƙi guda, wanda ake cewa yana wakiltar zinariyar Nikolas. A lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930 a Amurka, yara da yawa wannan lemon shi ne babbar kyautarsu ta shekara. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 3, a guji duk abin da zai iya haɗiyewa, musamman ƙaramin batir mai kama da maɓalli.

Bayan biki, galibi ranar 5 ko 6 ga Janairu, a zazzage safar tas don kada kiyashi su bi zaƙi, a naɗe ta a ajiye inda babu laima. Kuma kada a manta da wanda ba ɗan gida ba amma zai kwana a gidan: baƙo, 'yar aiki, ɗan riƙo. A tanadar masa tasa da sunansa, a rataye ta a cikin jerin daidai da ta kowa, domin al'adar tun asali don faranta wa mai buƙata aka yi ta, ba tare da ya san wanda ya ba shi ba.