Kokowar yara: a dubi girman jiki kafin a haɗa su

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Da la'asar ganga tana tashi a dandalin Kwaya. Samari suna ɗaura warki, yara suna kewaye fage. Haka abin yake a Yekuwa da Bande da Wacha, har Dungas da Malawa. Kokowa gadonmu ce. Tun shekarar 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ci, kowane yaro yana mafarkin wata rana shi ma ya ɗaga takobi. Wannan buri ne mai kyau. Amma akwai maganar da ya kamata mu yi, mu iyaye da yayye, a kan yadda muke horon yaran nan.

Abin da ya faru a gabana

Bara waccan, bayan girbi, an haɗa ɗan wana da wani yaro. Damina ɗaya aka haife su, kowa shekararsa 13. Sai dai wancan muryarsa ta buɗe, ƙirjinsa ya yi faɗi, ya fi ɗanmu tsawo da kai guda. Jama'a suka ce ai sa'anni ne. Ni ma na ce a bar su su kama. Ba a jima ba aka ɗaga ɗanmu aka buga da ƙasa. Ya tare ƙasa da tafin hannu, wuyan hannun ya kumbura.

Muka ce targaɗe ne, aka ja, aka ɗaure. Sai da aka yi sati 2 yana kwana kuka muka kai shi likita. Hoto ya nuna karaya ce a bakin ƙashi, daidai wurin da ƙashin yake girma. Yau hannun ya warke, amma ya ɗan karkace. In ya daɗe riƙe da hauya sai ya aje. Kokowa kuwa ya bar ta. Laifin har da ni. Shi ya sa na tsaya na tambayi majo na gidan likita, ya yi mini bayani, na rubuta a littafi. Ga abin da na koya.

Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba

Duk wanda ya taɓa cin naman ɗan akuya ya ga wannan abu. A bakin dogon ƙashi akwai guringuntsi fari mai taushi. In naman ya dahu, kan ƙashin yakan cire da kansa. Ƙashin tsohon bunsuru kuwa dunƙule yake, babu inda zai rabu. To, haka ƙashin ɗan adam yake. Ta wurin guringuntsin nan ƙashi yake ƙara tsawo. Shi ne kuma wuri mafi rauni a jikin yaro. Faɗuwar da za ta sa wa babba targaɗe tana iya karya yaro a nan. In ba a gyara karayar daidai ba, hannu ko ƙafa yana iya karkacewa ko ya gajarce.

Guringuntsin nan yana zama ƙashi ne a ƙarshen girma. Ga ƴan mata, wajen shekara 14 zuwa 16. Ga maza, wajen shekara 16 zuwa 18. Yaron da ya sha yunwa ko yawan ciwo yana ƙarami yakan makara fiye da haka.

Mai shanun huɗa ya riga ya san wannan. Ba ya ɗora wa maraƙi karkiya. Yakan jira shi ya yi ƙwari, sannan ya fara da jan icce marar nauyi kafin garma. Ƴaƴanmu sun fi cancantar wannan haƙuri.

Gero da maiwa

Ka shuka gero da maiwa da ruwa ɗaya. Gero zai fid da kai, a girbe shi, maiwa tana nan kore. Ba wanda yake cewa maiwa ta lalace. Lokacinta ne bai yi ba. Yara ma haka suke. Akwai lokacin da yaro yake miƙewa da sauri. Ƴan mata sukan shiga wannan lokaci wajen shekara 11 ko 12, maza wajen 13 ko 14. Namiji yana iya ƙara santimeta 8 zuwa 10 cikin shekara guda. Amma wani yakan riga, wani yakan makara. Sa'anni biyu, jikin ɗaya yana iya gaba da na ɗayan da shekara 2 ko 3.

Saboda haka lissafin shekaru kaɗai ba ya isa a haɗa kokowa. Ko a ƙasashen waje sun gane haka. A Ingila, a shekarar 2015, wasu manyan ƙungiyoyin tamaula sun shirya wa yaransu gasa inda aka raba su bisa girman jiki maimakon ranar haihuwa. A kokowar ƙasa da ƙasa kuma, sai an auna nauyin ƴan wasa, kowa ya kama da mai kilo kusa da nasa.

A lokacin miƙewar nan ƙashi yana tsawo da sauri, jijiyoyi suna ɗaurewa. Za ka ga yaron da a da ba a kada shi a langa yanzu yana tuntuɓe da ƙafarsa. Wani yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wani a diddige. Kada a ce ragwanci ne, kada a ce sammu ne. Jiki ne yake canzawa. In an rage masa gudu da tsalle na ɗan lokaci, yawanci ciwon yakan lafa.

Horo mataki uku

Mataki na farko, daga shekara 6 zuwa wajen 11. Wannan lokacin wasa ne iri iri. Langa tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya, ita ce kuma tushen kokowa. Tsere da tsalle suna sa zafin nama. Jifa da cafke suna haɗa ido da hannu. Carafke da gaɗa da tsallen igiya suna yi wa ƴan mata wannan aiki, kada a hana su. A nan ne kuma ake koya wa yaro faɗuwa: ya sunkuyar da haɓa, ya mirgina ta gefe, kada ya miƙe hannu ya tare ƙasa. In za su yi kokowa, a kan rairayi mai laushi, da mai nauyi irin nasa, na ɗan lokaci kaɗan.

Mataki na biyu, lokacin miƙewa. A nan ake son lura sosai. A rage yawan tsalle da gudu a ƙasa mai tauri. A mai da hankali ga dabara: yadda ake tsayuwa, yadda ake kamu, yadda ake kuɓuce wa kamu. Aikin ƙarfi ya zama da nauyin jikinsa, kamar tsuguno da tashi, ko rataya a reshe mai ƙwari. Kafin a fara, a yi ɗan gudu a hankali na minti 10 jiki ya yi ɗumi. Kowane sati a ba shi kwana 1 ko 2 na hutu.

Mataki na uku, bayan tsawo ya kusa tsayawa, wajen shekara 16 ko 17 zuwa sama. Yanzu ana iya ƙara nauyi da tsawon gudu, kaɗan kaɗan, sati bayan sati. Sai ya saba da sa'anninsa sannan a gwada shi da manya.

Ba a ce yaro ya zauna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a shekarar 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki misalin minti 60 kowace rana, ya kuma yi wasan da ke ƙarfafa nama da ƙashi aƙalla kwana 3 a sati. Abin da ake gudu shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsa. Mu tuna kuma yaranmu na karkara suna da aiki: jan ruwa, bin dabbobi, ɗaukar dami. Jarka mai lita 25 in ta cika nauyinta ya kai kilo 25. Yaron da ya wuni da irin wannan aiki ya riga ya yi rabin horonsa.

Yadda za mu gane lokacin miƙewa

Ga inda karatunmu zai yi amfani. A makarantarmu ta yaƙi da jahilci mun ware bango guda. Yaro yakan tuɓe takalmi, ya jingina da bango, a ɗora littafi a kansa, a ja layi da gawayi. A auna da ma'aunin tela, a rubuta suna da kwanan wata da lamba. Bayan wata 3 a sake. In ya ƙara santimeta 2 ko fiye cikin wata 3, to yana cikin miƙewa, a sassauta masa. Wannan aiki ba ya cin ko dala. Kowane uba da ya iya rubuta lamba yana iya yin sa a bangon ɗakinsa.

Ci da sha da barci

Jikin da ke girma yana son abinci. Hura kaɗai ba ta isa ba. A haɗa da nono, da wake, da gujiya ko ƙuli ƙuli, da ganyen zogale, da ƙwai ko fara in an samu. A sha ruwa kafin wasa da bayan wasa. Da bazara, lokacin da zafi yake wuce 40 a ma'auni, a yi horo da sassafe ko bayan la'asar. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, saurayi kuma awa 8 zuwa 10.

Sai maganar tramol da sauran magungunan da wasu ke sha wai don ƙarfi. Ba sa ƙara ƙarfi. Suna ɓoye ciwo ne, yaro ya ci gaba da wasa a kan rauni, daga baya ya kasa rabuwa da su. Duk babban da ya ba yaro irin wannan ya cuce shi.

Yaushe za a tafi likita?

In gaɓa ta kumbura bayan faɗuwa, ko yaro ya kasa taka ƙafa, a kai shi likita ranar, kafin a ja ko a murɗa. In ya bugu a ka, yana jiri ko amai, ya bar fage nan take, a kai shi. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, a bari ƙarfinsa ya dawo. Mai ciwon amosanin jini kuwa, sai an shawarci likita a kan wasan da ya dace da shi.

Kira ga masu haɗa kokowa

A kokowar takobi kowace jiha tana kawo mutum 10, jihohi 8, ƴan kokowa 80 ke nan. Dukansu ƙarti ne da suka gama girma. Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a watan Disamba 2023, ya yi shekaru yana fage. Filin kokowa na Damagaram yana ɗauke da sunan Langa Langa don a riƙa tunawa da shi. In muna son wani ɗan Magariya ko Dungas ya kai can, dole ya isa shekara 20 da gaɓoɓinsa lafiya.

Yaron da ya riga girma yakan kada kowa da ƙarfi, sai ya ƙi koyon dabara. Ranar da sa'anninsa suka cim masa, ya rasa abin yi. Irin wannan a riƙa haɗa shi da masu jiki irin nasa ko da sun girme shi da shekara 1. Wanda ya makara kuma, kada a yi masa dariya har ya gudu daga fage. A ba shi daidai da shi, ya koyi kamu, ƙarfi yana tafe.

Don haka, ya ku masu gari da shugabannin samari, kafin a buga ganga a tsai da yaran kafaɗa da kafaɗa. A dubi tsawo, a dubi kauri, a saurari murya. In ba su yi daidai ba, a canza, ko da ƴan kallo sun yi gunaguni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don ɗanyen icce ma yana tsagewa.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga makaranta ba tukuna. Allah shi raya mana zuriya, shi ba mu lafiya da zama lafiya.

Daga malamin yaƙi da jahilci na Kwaya