Ko Ka Sani? Dolfin Ɗin Da Ake Haifa Baƙi, Ya Girma Ya Koma Ruwan Hoda

'Yan kasuwarmu da ke zuwa sari Guangzhou sun san unguwar Xiaobei da Sanyuanli lungu-lungu, amma kaɗan ne suka taɓa bin kogin Zhujiang zuwa inda ya faɗa teku. Daga gundumar Nansha ruwan ke buɗewa, ya yi faɗi tsakanin Hong Kong a gabas da Makau a yamma. A wannan ruwa mai laka akwai wata dabba da ake haifarta baƙa-baƙa, ta girma ta koma ruwan hoda. Ruwan hoda na gaske, wanda in ka gani a hoto za ka rantse an shafa mata fenti.

Farin dolfin na ƙasar Sin ke nan. Ba kifi ba ne, yana shaƙar iska, uwar tana ɗaukar ciki wajen wata 11 kuma ta shayar. Babba ya kan wuce mita 2, ya rayu kusan shekara 40.

Launin shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Jariri yakan zo duniya da duhun toka. Yana tasowa duhun yana kakkaryewa, ya zama ɗigo-ɗigo, ɗigon kuma yana ɓacewa shekara bayan shekara, har fatar ta rasa launi. Matan sun fi saurin washewa, mazan kan daɗe da sauran dabbare-dabbare a jiki. To daga ina hodar ta zo? Babu wani sinadarin launi da ke kawo ta. Jini ne! A ƙarƙashin fatar akwai ƙananan jijiyoyi masu yawan gaske, waɗanda dabbar ke tura jini cikinsu don ta fitar da zafin jiki ruwa ya kwashe. Tun da fatar ba ta da duhun da zai rufe, sai jinin ya nuna. Duba tafin hannun matar da ta gama daka, yadda yake yin ja, haka abin yake. Idan jinin ya ja baya sai fatar ta koma fari, shi ya sa wani zai ce maka fari ya gani, wani ya ce hoda, kuma duk gaskiya suka faɗa. Dabba mai kitse a jiki ba ta da hanyar yin gumi a cikin ruwan ɗumi, sai Allah ya ba ta wannan. Ikon Allah ya wuce lissafi.

Lokacin hutun sabuwar shekarar Sinawa, da masana'antu suka rufe, na shiga ƙaramin kwale-kwale mai inji a Tai O, ƙauyen masunta da ke tsibirin Lantau, inda gidaje ke tsaye a kan turaku cikin ruwa. Muna bin gaɓa, direban ya rage wuta ya nuna da hannu. Hucin numfashi na fara ji, fuu, sannan wani baya mai sheƙi ya ɓullo, ya lanƙwasa ya nutse. Da ya sake tasowa sai ga ɗan ƙarami baƙi manne a gefensa, suna fitowa tare suna komawa tare. Wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa uwa da ɗa ba ne.

Turawa sun daɗe da ganin wannan dolfin. Wani matafiyi ɗan Ingila, Peter Mundy, ya rubuta labarinsa a 1637 a wannan yanki. Pehr Osbeck kuma, limamin jirgin 'yan kasuwar Suwidin kuma ɗalibin masanin kimiyya Linnaeus, ya zo Guangzhou fatauci tare da mutanensa wajen 1751, kuma daga bayaninsa ne aka yi wa dabbar rajista a ilimin kimiyya a 1765. A 1997, da Birtaniya ta mayar wa Sin Hong Kong, dolfin ɗin aka zaɓa ya zama alamar bikin. Yana ma da ɗan uwa a tekunmu na Afirka ta Yamma, wanda aka fara ganowa a gaɓar Kamaru a 1892, ana samunsa har Angola. Shi wannan toka-toka yake zama har ya mutu, kuma ya fi na Sin kusa da ƙarewa.

Abin da ke damuna shi ne inda na Sin ɗin ya zaɓi zama. Ba ya son zurfin teku, ya fi son bakin gaɓa inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri, kuma nan ne jiragen kwantenar da ke ɗauko kayanmu ke wucewa dare da rana. A ruwan laka ido ba ya aiki sosai, da sauti yake farauta: ya saki ƙara, ta bugi kifi ta dawo masa. Rugugin inji yana toshe masa wannan hanya. Ga cike teku da ƙasa da aka yi don faɗaɗa filin jirgin sama, ga gadar Hong Kong zuwa Zhuhai da Makau mai tsawon kilomita 55 da aka buɗe a Oktoban 2018, wadda ta ratsa tsakiyar mazauninsa. Gwamnatin Sin ta keɓe masa yankin kariya mai faɗin murabba'in kilomita 460, kuma har yanzu bakin kogin nan ya fi ko'ina yawansu a duniya, wajen 2,000. Amma a ruwan Hong Kong kaɗai ƙiyasi ya faɗo daga 188 a 2003 zuwa ƙasa da 50 a 2017.

A 2020 annobar korona ta tsayar da jiragen fasinja masu gudu tsakanin Hong Kong da Makau. Masu bincike suka saka na'urorin sauraro a ruwa, suka ɗaga jirage marasa matuƙi suna kallo daga sama. Cikin 'yan watanni ganin dolfin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, kuma a kan hanyar jiragen da suka daɗe da ƙaurace wa aka riƙa samunsu garke-garke, suna kiwo suna wasa.