Hamadar Namib Da Cinikin Kifi A Agege

LEGAS: Wani kaso na kifin ƙanƙara da ake kira kote a kasuwannin Agege daga gaɓar hamadar Namib ta Namibiya yake fitowa. A tashar jiragen ruwa ta Walvis Bay ruwan sama na shekara bai kai milimita 25 ba. Raɓa da hazon teku ne ke rayar da tsirrai da ƙwari. Iska ce ke taso da ruwa mai sanyi daga ƙarƙashin teku ɗauke da abincin kifi, sanyin nan kuma shi ke hana hadari haɗuwa. Da ruwan ya yi ɗumi a 1995, kamu ya ragu ƙwarai. Gwamnatin ƙasar na ƙayyade yawan kamu kowace shekara, wannan kuwa kan taɓa farashin katan a Legas.