Gargaɗi Ga Iyaye: A Binciki Barcin Jarirai A Gidajen Reno

Ke da hutun haihuwarki ya zo ƙarshe, kina cigiyar inda za ki riƙa ajiye jariri ki tafi aiki, dakata kafin ki biya kuɗin wata. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai jego, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya kuma kwanakin aiki 112. Ke nan yaro ko zama bai fara ba, balle ya iya kawo ƙara, za ki miƙa shi hannun wata.

Ƙanwata ta sa ɗanta a wani gidan reno kusa da wurin aikinta, yana wata biyar. Kullum ta je ɗaukarsa da yamma sai mai gidan ta ce, "Hajiya, ai yaronki ba ruwansa, ko uhum ba ya cewa." Ita kuma ta yi ta jin daɗi. Amma a gida, yaron da ya saba damƙar nono da ƙarfi sai ya kama ya saki, wuya ya langaɓe, ido a lumshe. Asabar da Lahadi kuwa garau yake, rigima sai abin da ya ƙaru. Wata Laraba aka tashe su aiki da wuri, ta faɗa gidan da hantsi ba tare da ta kira waya ba. Yara tara jere a kan katifa biyu, tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, mai reno ɗaya tana ta latsa waya. A kan taga ga kwalbar maganin mura da cokali mai danƙo, guda ɗaya tal.

Magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan suna sa barci, kuma kowane kemis akwai su. Shi Phenergan an hana ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi har ya tsaya cik. Maganin tari mai kodin ya fi shi haɗari. Tun 2018 gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi, amma bai ɓace daga hannun mutane ba. Mai renon da yara suka yi wa yawa ba lallai muguwa ce ba, hutu take nema. Sai dai jikin jariri bai san da niyyarta ba.

In kika ɗauko yaro kika ga numfashinsa ya yi sanyi, leɓɓansa sun canza launi, ko kin mintsini tafin ƙafarsa bai motsa ba, ki wuce asibiti kai tsaye, da kwalbar a hannunki in kin same ta. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa shaƙewa zai yi.

Masu cewa su a gida suke barin nasu tare da 'yar aiki, ku ma da ku nake. Yarinya 'yar shekara goma da dillaliya ta kawo daga ƙauye ita kanta reno take bukata. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Irin wannan yarinya ce kuka zai ishe ta, ta kama jariri ta girgiza shi da ƙarfi. Wuyansa bai yi ƙwari ba, ƙwaƙwalwa na iya zubar da jini a ciki alhali ko ƙwarzane babu a waje. Ita ce kuma za ta bar bahon wanki da ruwa a tsakar gida ta tafi kallo, mai rarrafe ya kifa ciki ba wanda ya ji motsi.

Ko babba kika ɗauka, ki san gidansu da ƙafarki, ki san wanda ya tsaya mata. Ba mu manta yaran Kano da aka sace aka gano a Onitsha a 2019 ba. Ki faɗa wa gidan reno sunan wanda kaɗai za a ba yaron, ko da wani ya zo ya ce shi kawunsa ne. Maigida, wannan zirga-zirgar har da kai. Biyan kuɗin reno bai sauke maka nauyi ba.

Cikin makon nan, ba wata mai zuwa ba, ki je gidan renon a lokacin da ba a tsammaninki. Ki ƙirga yara, ki ƙirga masu reno, ki leƙa kan taga da cikin durowa, ki shaida musu ko farasitamol kada a ba shi sai an kira ki. In aka ce miki iyaye ba sa wuce bakin ƙofa, ki karɓi ɗanki da jakar kayansa a ranar.