Maki 344 na Salah da Gardamar Majalisun Zangon Kumasi

A majalisun ataya na Aboabo da Asawase da Akwatia Line, gardamar ƙwallo ta sauya salo. Da can tambayar ita ce wa ya fi iya taka leda. Yanzu samarin Zangon Kumasi sun fi tambayar wa ya fi kawo maki, domin da yawansu kociyoyi ne a cikin wayoyinsu. Wasan Fantasy Premier League, wanda hukumar gasar Firimiyar Ingila ke gudanarwa, yana ba mutum fam miliyan 100 na ƙarya ya sayi 'yan wasa 15, kada su wuce uku daga kulob ɗaya. Abin da suka yi a fili na gaske shi ake juyawa ya zama maki. Abokai kan buɗe gasarsu ta unguwa, kuma wanda ya zo na ƙarshe a mako ba ya shan shayi cikin kwanciyar hankali.

A wannan duniya ba a taɓa ganin kaka irin ta Mohamed Salah ta 2024/25 ba. Ya tara maki 344, ya karya tarihin 303 da shi kansa ya kafa a 2017/18. Ƙwallo 29 ya ci, ya taimaka aka ci 18, Liverpool ta ɗauki kofi tun a watan Afrilun 2025 bayan ta lallasa Tottenham da ci 5 da 1. Wanda ya riƙa ba shi kyaftin, wato makinsa ya ninka biyu, ya bar abokan gasarsa suna shan ƙura.

Sai dai kafin a ɗaura masa rawani, ya kamata a duba mudun da aka auna shi da shi. Wasan ya rubuta Salah a matsayin ɗan tsakiya, ko da yake kowa ya san a gaba yake kwana. Ƙwallon ɗan tsakiya maki biyar ce, ta ɗan gaba huɗu. A ɗauki alƙalami: ƙwallo 29 na Salah sun ba shi maki 145. Erling Haaland, wanda ya ci 36 a 2022/23, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa a kaka ɗaya ta Firimiya, 144 ya samu daga nasa, ya kuma kammala da 272. Ga kuma maki ɗaya da ake ba ɗan tsakiya duk ranar da ba a zura wa ƙungiyarsa ƙwallo ba, wanda ɗan gaba ba ya samu. Wato wani ɓangare na tazarar da ke tsakaninsu gumin masu tsaron gidan Liverpool ne irin su Van Dijk da Alisson, wani kuma hukuncin waɗanda suka tsara wasan a ofis.

Wannan bai rage wa Salah daraja ba, a ganina. Abin da ya fi ba da mamaki a kakarsa shi ne ya buga duka wasanni 38 yana da shekara 32, kuma ya haɗa ci da bayarwa, har ya ɗauki kyautar wanda ya fi kowa a duka biyun. Haaland idan ba a kawo masa ba, sai ya wuni a tsaye. Salah shi ke kawowa, shi ke ci. Ko da an canza ƙa'idar makin, nan ne zai ci gaba da rinjaye.

Inda mudun ya fi zalunci shi ne kan masu aikin da ba ya fitowa a allo. N'Golo Kanté ya ɗauki kofi da Leicester a 2016, ya sake ɗauka da Chelsea a 2017, 'yan wasan Ingila suka zaɓe shi gwarzon shekara, amma a Fantasy ba mai ɓata kuɗinsa a kansa, don ƙwace ƙwallo ba ta da lada a lokacin. Sai a kakar 2025/26 aka ƙara maki biyu ga wanda ya kai wani adadi na tarewa da ƙwacewa. Wato masu tsara wasan da kansu sun amsa cewa shekara da shekaru suna auna rabin aiki.

Mutanen Kumasi kuwa ba sa buƙatar zuwa Ingila kafin su san wannan. A kakar 2021/22 ta gasar Ghana, Frank Mbella Etouga ɗan Kamaru ya ci wa Asante Kotoko ƙwallo 21, ƙungiyar ta zama zakara a hannun Prosper Narteh Ogum. Yaw Annor na AshantiGold ya ci 22, ya kamo tarihin Ishmael Addo na Hearts of Oak, ya tafi da takalmin zinare. A lissafin waya Annor ne a sama. A Kumasi kuwa, ka je ka gaya wa mai goyon bayan Kotoko haka, ka ji amsa. Ƙwallayen Mbella sun kawo kofi gida, na Annor sun ƙawata sunansa. (Ita AshantiGold ɗin ma an kore ta daga gasar bayan wannan kaka, saboda wasan da ta ci Inter Allies 7 da 0 a 2021, wanda bincike ya nuna shiri ne. Har ɗan bayan Inter Allies ya ci gidansu sau biyu da gangan. Da kwamfuta ce, da ta ƙirga su duka ba tare da tambaya ba.)

Dattawan Zango suna da nasu ma'aunin. Filin da Kotoko ke wasa yana ɗauke da sunan Baba Yara, ɗan wasan gefe da haɗarin mota ya katse wa wasa a 1963, ya rasu a 1969. Ba wanda ke kawo adadin bayarwarsa idan ana maganarsa. Yadda yake barin ɗan baya a zaune ake faɗa. Samari na yi wa irin wannan hira dariya, suna cewa ba ta da hujja. Amma su ma da suka sayi Salah a kan fam miliyan 14.5 a farkon kakar 2025/26, suna dogaro da makin bara, makonni kaɗan aka yi suka fara sayar da shi.