Baƙaƙe Masu Lanƙwasa da Koyar da Hausa ta Na'urorin Zamani

1.0 Gabatarwa

Masana ilmi sun daɗe da yarda cewa yaro ya fi saurin fahimtar karatu idan aka fara masa da harshen da ya tashi da shi. A kan wannan ne manufar ilmi ta Nijeriya ta shekarar 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu, a shekarun farko na firamare. To, a yau kwamfuta da wayar hannu sun shiga harkar koyarwa, amma amfaninsu ga ɗalibin Hausa ya rataya a kan wani abu da ake rainawa, watau ko na'urar tana rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata.

2.0 Asalin Matsalar

Baƙaƙen Romawa da aka ara don rubutun boko ba su tanadi waɗannan sautuka ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutu a 1912, inda aka riƙa bambanta su da ƙananan alamomi. Sai a cikin shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta taimaka wajen yaɗa su. Duk da haka, yawancin kekunan rubutu na ofisoshi an ƙera su ne don Ingilishi, saboda haka sai mai bugu ya gama aikinsa sannan ya bi da alƙalami yana saka lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. In ya gaji ko ya manta, shi ke nan. Wannan sakaci shi ne ya biyo mutane har cikin wayar hannu.

3.0 Illarsa ga Ɗalibi

Lanƙwasa ita ce ke raba ma'ana da ma'ana. Da ita ake bambanta kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da baki da baƙi. Babban mutum in ya ga an rubuta "an yi fada a fada", zai gane daga zubin magana cewa rikici aka yi a gidan sarki. Yaro ɗan aji ɗaya kuwa bai kai nan ba, domin shi yana koyon haɗa kowane baƙi da sautinsa ne. Idan darasin da ke cikin na'ura ya nuna masa baƙi ɗaya yana wakiltar sautuka biyu, to an rushe masa tushen karatun tun daga farko, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Illar ba ta tsaya ga yaro ba. Manhajojin fassara, irin na Google da ya shigar da Hausa a 2013, suna koyon harshe ne daga rubuce-rubucen da jama'a suka zuba a intanet. Muddin rubutun ya zo da kure, kuren na'urar za ta koya, ta kuma mayar wa ɗalibai da shi a matsayin daidai. Na'urar da ke karanta rubutu da murya kuwa tana da ƙarin wahala, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, har ta kan kasa raba gari na zama da gari na tuwo.

4.0 Mafita

Ta fuskar fasaha an riga an ci ƙarfin matsalar. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin baƙaƙen nan lambarsa, har da ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a madadin 'y ta Nijeriya. Haka kuma akwai allon haruffan Hausa da ake iya ɗorawa a waya kyauta. Abin da ya rage aikin mutane ne: a koya wa malamai amfani da allon tun suna kwalejin horo, a kuma sa masanin ƙa'idojin rubutu ya tace kowane darasi kafin a sa shi a na'ura.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ingancin darasin Hausa a na'ura yana farawa ne daga hannun wanda ya buga shi. Wannan nauyi ya fi hawa kan sassan Hausa na jami'o'i, domin su ne ke yaye malamai da mafassara da marubuta. Kyakkyawan mafari shi ne kada a karɓi aikin jinga ko kundin digiri da aka buga ba tare da lanƙwasa ba.