Harsuna biyu a aiki ɗaya: wane tafinta zai fara?

Manhajojin da ke cikin wayar salula ta Android rubuta su ake yi da harsunan na'ura. Biyu daga ciki sun fi shahara: Java, wanda kamfanin Sun na Amurka ya fitar a shekarar 1995, da Kotlin na kamfanin JetBrains, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2016. A 2019 Google ya bayyana cewa ya fifita Kotlin wajen aikin Android. To, amma ba a zubar da tsohon aiki mai kyau don sabo ya zo. Shi ya sa manhaja guda takan ƙunshi harsunan biyu a cuɗe.

Na'ura ba ta jin ko ɗayansu kai tsaye. Kowane harshe yana da tafintansa, wato manhajar da ke juya rubutu ya zama umarnin da na'ura ke bi. A nan wuyar take: sashen Java yakan kira sashen Kotlin, na Kotlin shi ma ya kira na Java. Tafintan Java bai iya karanta Kotlin ba, sai wanda aka riga aka juya. In shi ya fara, sai ya ci karo da sunayen da bai sani ba, ya tsaya cik, manhaja ta ƙi fitowa.

Tafintan Kotlin kuwa yana karanta rubutun Java, ya ɗauki sunaye da siffofin abubuwan da ke ciki, ko da yake ba ya juya shi. Saboda haka shi ya kamata ya shiga gaba, na Java ya biyo baya ya tarar an share masa hanya.

Mai tsara wannan jeri shi ne manhajar haɗa aiki, wadda matsayinta kamar na sarkin magina yake. Maven, na ƙungiyar Apache, ya saba kiran tafintan Java da farko. Don haka ma'aikaci kan gyara abu uku a takardar tsari mai suna pom.xml: ya soke kiran nan na al'ada, ya sa tafintan Kotlin a gaba tare da nuna masa mazaunin rubutun harsunan biyu, sa'an nan ya maido na Java a bayansa. Gradle, wanda masu aikin Android suka fi amfani da shi, yana bin wannan jeri da kansa da zarar an haɗa masa sashen Kotlin.

Da wannan ɗan gyara, aikin da aka yi shekaru ana tarawa da Java yakan zauna lafiya da sabon rubutu, ba tare da an rushe shi an sake daga tushe ba.